Marayun Kalmomi: Abin da Ke Kayar da Yara a Jarrabawar Aji Uku



Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai, iyayen yara maza da mata da kuka bar harkokinku kuka zo, barkanku da hantsi. An ce in yi magana a kan yadda za mu yalwata wa 'ya'yanmu na ƙaramar sakandare kalmomi kafin su zauna jarrabawar aji uku. Na karɓa ne don na daɗe da alli a hannu, kuma yawancin kurakuran da zan ambata ni ma na tafka su, wasu ma shekara da shekaru ina tafkawa.

Zan fara da wata yarinya. Shekarun baya an sa ni tsaron jarrabawar gwaji ta 'yan aji uku, takardar kimiyya. Watan Afrilu ne, ga zafi, ga babu wuta, kowa na fifita da bangon littafi. Yarinyar tana bencin gaba daf da taga, ta ciji gindin fensir ta ƙura wa tambaya guda ido. Na leƙa. Tambayar cewa take, da Turanci, duk waɗannan dabbobi ne masu shayarwa, sai kalma ɗaya ta biyo baya, "except", sannan aka jero akuya da jemage da ƙadangare da saniya. Ina tsaye ta zagaye akuya. Da aka tashi na kira ta gefe, na ce mata da Hausa, "A cikin akuya da jemage da ƙadangare da saniya, wanne ne ba ya ba ɗansa nono?" Sai ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, ta ce, "Malam, ai ƙadangare ne, ƙwai yake yi." Na ce jemage fa? Ta ce yana shayarwa, sun taɓa tsintar wata a gindin mangwaro da ɗanta manne a ƙirji.

A takardar sakamako an rubuta cewa ta faɗi wannan tambaya ta kimiyya. Amma ni da na tsaya a kanta na san kimiyyarta lafiya lau. Kalma ce mai harafi shida ta kayar da ita, kalmar da ma'anarta ba ta wuce "in ban da" ba.

Jarrabawar da muke magana a kanta ita ce wadda ake rufe karatun tushe na shekara tara da ita, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A takarda sunanta BECE. Yara da iyaye kuwa har gobe "juniya wayek" suke ce mata, alhali a Nijeriya ba hukumar WAEC ke shirya ta ba: NECO mai hedikwata a Minna ita ke shirya wa makarantun gwamnatin tarayya da masu zaman kansu da suka yi rajista da ita, jihohi kuma suna shirya tasu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin tushe na bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, shekaru taran nan sun zama haƙƙin kowane yaro. To, amma ku ɗauki jadawalin jarrabawar ku duba. In ka cire Hausa da Larabci da Faransanci, sauran takardun duka da Turanci ake tambaya: lissafi, kimiyya da fasaha, noma, kasuwanci, zamantakewa, har da darasin addini. Wato daga ranar farko zuwa ta ƙarshe jarrabawar Turanci yaro yake yi, sunan da ke saman takardar ne kawai ke sauyawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan ciwon, domin tasu BEPC ɗin ma haka take, sai dai su da Faransanci ake tare musu hanya.

Kalma nawa yaro yake buƙata ke nan? Masu binciken koyon harshe sun daɗe suna auna wannan. Batia Laufer ta nuna a 1989 cewa in mai karatu bai san aƙalla kashi 95 cikin 100 na kalmomin da ke shafi ba, fahimtarsa takan yi rauni. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, shi da wata abokiyar aikinsa, sun ɗaga ma'aunin zuwa kashi 98 ga wanda zai karanta shi kaɗai ba mai taimaka masa. Wannan lissafi yana iya shige mana ta kunnen dama ya fice ta hagu, don haka bari mu sauke shi a kan takardar jarrabawa. Ɗauki labarin auna fahimta mai kalma 300. Wanda ya san kashi 98, kalma shida ce za ta shige masa duhu, zai iya laluben ma'anarsu daga maƙwabtansu. Wanda ya san kashi 95, kalma goma sha biyar. Wanda ya san kashi 90, da ka ji sai ka ce ai ya ƙoƙarta, kalma talatin ke nan bai sani ba, kusan ɗaya a kowane layi. Ku ƙaddara kuna tuƙi a titin da kowane taku goma akwai rami. Ba ka kallon inda za ka, ramin gabanka kawai kake kallo. Haka yaron nan yake isa ƙarshen labarin bai san me aka ce ba, ko da kuwa ya furta kowace kalma daidai.

Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa karanta jarida ko littafin labari na manya yana buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. In na ce dangin kalma ina nufin uwa da 'ya'yanta, kamar yadda noma da manomi da manoma da nome suke gida ɗaya. Kada wannan adadi ya tsorata kowa. Ɗan aji uku ba a nan yake ba tukuna. Tun 1953 wani Bature, Michael West, wanda ya daɗe yana horar da malamai a Dhaka, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma su kaɗai sukan cinye kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu. Yaron da ya riƙe waɗannan riƙo na gaske, ya ɗora wasu ɗaruruwa na yaren makaranta a kai, ya fita daga sahun masu cankar amsa da ka.

Waɗanne ne na yaren makarantar? Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne muke asara.

Isabel Beck ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka, da abokan aikinta Margaret McKeown da Linda Kucan, sun kasa kalmomi hawa uku a wani littafi da suka fitar a 2002. Hawan ƙasa kalmomin yau da kullum ne, ruwa, gida, zo, tafi. Hawan sama na fanni ne, irin su "photosynthesis" da "denominator". Waɗannan suna da iyaye. Malamin kimiyya zai rubuta tasa a allo da manyan baƙaƙe, ya ja mata layi, ya sa a maimaita har sau goma, ya kuma fito da ita a gwajin mako. Na tsakiya su ne nake kira marayu. Kowa a nan ya san maraya a gidan yawa: ɗakin nan suna zaton ya ci a ɗakin can, na can suna zaton ya ci a nan, shi kuwa da yunwa ya kwana. Kalmomi irin su "except" da "least" da "occur" da "require" da "similar" da "source" da "factor" da "method" haka suke. Malamin kimiyya ya ce wannan ai Turanci ne, aikin malamin Turanci ne. Malamin Turanci kuma yana can yana fama da nahawu da rubutun wasiƙa, bai taɓa buɗe littafin kimiyya ya ga da wane irin harshe aka rubuta shi ba. Ga shi kuwa da su ake gina tambaya. Averil Coxhead, ita ma a Wellington, ta tattara dangin irin waɗannan kalmomi 570 a shekarar 2000. Don 'yan jami'a ta yi aikin, ba zan ce a ɗora wa ɗan shekara goma sha uku duka ba, amma in ka duba rukunin farko mai kalma sittin za ka ga da yawansu suna zaune daram a takardun aji uku.

Akwai wasu marayun da suka fi waɗannan ban tausayi, kalmomin umarni. Na taɓa duba takardar wani yaro da aka ce masa "state" hanyoyi uku na samun ruwan sha. Ya rubuta Kano, Kaduna, Katsina, da kyakkyawan rubutu, har da lamba ɗaya, biyu, uku. A ofishin malamai an sha dariya. Daga baya da na kwanta sai abin ya dame ni, domin yaron bai yi wauta ba. Ma'ana ɗaya muka ba shi ta wannan kalma tun yana firamare, wato jiha, ita kuwa ya yi aiki da ita. Wa ya taɓa gaya masa cewa in ta zo a farkon tambaya tana nufin "faɗi"? Wa ya bambance masa "list" da "explain", ya ce ta farko jero kawai ake so, ta biyu sai ka kawo dalili? Yara nawa ne suke cika shafi da bayani inda aka ce su jero, lokaci ya ƙare musu, ko su jero kalma uku inda aka ce su yi bayani, a ba su maki ɗaya cikin biyar?

Wannan ya kawo mu ga kalma mai fuska da yawa. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, mu da muke da "ci". Mun ci tuwo, mun ci jarrabawa, mun ci bashi, kasuwa ta ci, an ci amana, an ci mutunci, an ci shi tara, wane ya ci sarauta, wuta ta ci rumbu. Baƙon da ya koyi cewa ci shi ne sa abu a baki, ran da ya ji an ce kasuwa ta ci sai ya tsaya neman bakinta. To, haka ɗanmu yake a ajin lissafi. "Table" da ya sani tebur ne, yanzu ya zama jadawali. "Product" kayan kamfani ne a darasin kasuwanci, bayan minti arba'in ya zama sakamakon ninkawa. "Volume" ƙarar rediyo ce a gida, a makaranta cikin tulu ne. "Root" saiwa ce a darasin noma, "power" wutar lantarki ce ko mulki, "odd" da "even" da "mean" kowace ta sake riga. Ni a ajina nakan fara da "ci" ɗin nan. In sa su kawo mini ma'anoninta har allo ya cika, suna ta ihu suna rige-rige, sannan in ce to, Bature ma yana da nasa "ci", ga su. Daga ranar yaro yakan daina amincewa da ma'anar farko da ta faɗo masa, ya tsaya ya ga a wane gida kalmar ta sauka.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ban lura da shi ba. Me ya sa kalmomin tsakiyan nan suke yi wa yara nauyi, har da 'ya'yan Turawan kansu? Tarihi ne. Bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen fada da kotu ya koma Faransanci, na coci da ilimi kuma Latin. Shi ya sa yau fiye da rabin kalmomin Turanci daga waɗannan biyun suka fito, kuma abu ɗaya yakan samu suna biyu, na gida da na littafi: a gida a ce "buy", a takarda a ce "purchase", a gida "start", a takarda "commence". Tambayar nan ta neman kalma mafi kusa a ma'ana, da ta neman kishiya, sau da yawa tsallake ne tsakanin waɗannan hawa biyu. Yanzu ku dubi Hausa. Da wane harshe muke yin ilimi? Dalili, hujja, sharaɗi, misali, ma'ana, bayani, hukunci, sababi, ƙa'ida, illa. Duka daga Larabci muka aro su, ta hanyar zaure da makarantar allo. Abin da Latin ya yi wa Turanci shi Larabci ya yi wa Hausa. Ɗan da ya tashi yana jin ana cewa "da sharaɗin", "illa iyaka", "alal misali" a wa'azi da rediyo, ya riga ya mallaki tunanin da ke cikin "condition" da "except" da "for instance". Riga kawai za mu sauya masa. Wanda kuwa bai san "sharaɗi" da Hausa ba, aiki biyu ne a gabansa, koyon tunanin da koyon sunansa, a cikin harshen da bai gama ji ba.

A nan dole in yi ikirari. A farkon koyarwata, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, ni ne sarkin cin tarar masu yin Hausa a aji. Na naɗa monita mai ɗan littafi, duk wanda ya kuskure ya ce "ba ni biro" an rubuta shi. Abin da na samu shi ne aji mai tsit kamar maƙabarta. Ba su koma Turanci ba, shiru suka koma. Ran Juma'a kuma in rubuta musu kalmomi ashirin manya-manya da na tsinto daga ƙamus, irin waɗanda ake burge jama'a da su a muhawara, su kwafe da ma'anarsu, ran Litinin in yi gwaji. Suna ci kuwa, sha takwas, sha tara. Bayan wata guda in saka kalma ɗaya daga ciki a jimla, a yi ta kallona kamar na yi Sinanci. Da na san aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, da ban ɓata shekarun nan ba. Can an koyar da yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi, yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Ba ina cewa a mayar da darasin Turanci na Hausa ba ne. Yaro yana buƙatar ya ji Turanci da yawa, ya kuma yi shi. Amma daƙiƙa biyar da za ka ce masa "except, wato in ban da" ta fi minti goma na kewaye-kewaye da wani Turancin da shi ma bai sani ba.

Me ya sa kalmomina ashirin suka zube? Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa ya buga a 1885. Ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa auna abin da ya saura, ya tarar fiye da rabi yakan tafi cikin sa'a guda, sai dai in an waiwaye shi, kuma kowace waiwaya tana sa ya daɗe kafin ya sake dusashewa. McKeown da Beck kuma sun gano a 1985 cewa haɗuwa huɗu da kalma ba ta isa ta taimaki fahimtar karatu ba, goma sha biyu ta taimaka. Duk alaramman da ke zaune a nan murmushi yake yi, don wannan tsohon labari ne a tsangaya. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, in an wanke kuma ba a sallame shi ba, ga tilawa da asuba, ga muraja'a. Gardi bai taɓa cewa na biya wannan izu bara, shi ke nan, ba. Mu ne a boko muke biya kalma sau ɗaya mu ce mun koyar.

Dabarar da nake amfani da ita yanzu ba ta cin ko sisi. Asalinta ta wani ɗan jarida ce, Sebastian Leitner, da ya bayyana ta a Jamus a 1972, ni dai na mayar da ita ta gwangwani. Yaro ya samo gwangwanin madara uku, ya yayyanka kwalin sukari ko na sabulu ƙanana. A fuska ɗaya ya rubuta kalmar da jimlar da ya tsince ta a ciki, a bayan kuma ma'anarta da Hausa da wata jimla tasa ta kansa. Sabuwar kalma tana gwangwanin farko, kullum ake duba shi. Wadda ya tuna ta haura na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. In ya sake tunawa ta haura na uku, na ranar Asabar. Wadda ya manta, ko daga ina take, ta dawo na farko. Minti goma ne bayan sallar Isha'i. Jimlar nan tasa ta kansa ita ce ran abin, kada a yarda ya tsallake ta. Kuma mu yi lissafi: kalma goma a mako, mako talatin da shida na karatu a shekara, 360 ke nan, a shekara uku 1,080. Wanda ya jira sai zango na biyu na aji uku, ya buɗe darasin yamma na wata biyu, nawa zai cusa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan a koya musu fasa kalma. Wannan ma Hausa ta riga ta share mana fage. Ka rubuta rini, marini, marina. Ka rubuta ƙira, maƙeri, maƙera. Ka rubuta buɗe, mabuɗi. Cikin minti biyu yara za su gaya maka da bakinsu cewa wannan "ma" in ta hau kan aiki tana haifar da mai yi, ko wurin yi, ko abin yi. Masu zuwa Islamiyya za su ƙara maka da kitabi da katibi da maktaba. Daga nan sai ka ce Turanci ma haka yake haihuwa: "un" da "dis" da "in" suna juya kalma ta koma kishiyarta, "re" maimaitawa ce, "er" mai yi ne, "less" rashi ne, "tion" tana mayar da aiki suna. Wanda ya san "port" ɗauka ce ya samu "import" da "export" da "transport" da "portable" a kuɗin guda. Sai dai a gargaɗe su cewa dabarar tana da inda take yaudara, don "invaluable" ba ta nufin marar daraja, akasin haka ma take nufi.

Haka kuma laluben ma'ana daga maƙwabta. In na ce, "Duk da Audu mutum ne mai ƙwauro, ranar sunan ɗansa raguna biyu ya yanka," yaron da bai taɓa jin ƙwauro ba zai gane rowa ake nufi. Me ya gaya masa? "Duk da" ɗin nan. To "although" da "but" da "however" aikinsu ke nan, "because" da "therefore" kuma suna nuna masa dalili da abin da ya haifar. Su ma marayu ne, kuma su ne fitilar da ake laluben sauran da ita.

Duk wannan da na faɗa, in aka tara, ba zai kai yaro inda ake so ba sai da karatu. Haɗuwa goma sha biyu da kalma dubu biyu ba malamin da zai iya shirya ta a allo. Littafi ne ke yin ta a ɓoye, yaro yana bin labari bai ma san ana koya masa ba. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun gwada wani abu a makarantun karkara na tsibiran Fiji, inda yara suke da harshensu na gida amma Turanci ne harshen makaranta, kamar mu. Sun zuba littattafan labarai masu daɗi kimanin 250 a kowane aji na 'yan aji huɗu da biyar na firamare, aka ware kusan rabin sa'a kullum don karanta su. Bayan wata takwas, ci gaban yaran a fahimtar karatu ya kusan ninka wanda aka saba gani. Na san abin da wani zai ce: ina kuɗin? Aji mai yara sittin, in kowane uba ya sayi littafi ɗaya na gwanjo, an samu sittin. A sa su a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ba wata yarinya mai amana mabuɗin da littafin rajista. Abin kula kawai shi ne littafin ya zama daidai wuyan yaro. Ya buɗe shafi guda, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwashe yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, a ajiye masa shi sai baɗi. Kuma don Allah malamai mata da iyaye, yarinyar da kuka kama da littafin Hausa a ƙarƙashin benci, a duba abin da ke ciki, amma kada a kashe mata son karatun. Wadda ta saba zama da littafi sa'a guda ba ta motsa ba ta riga ta yi rabin tafiya.

Ƙamus kuwa a yi hattara da shi. Yaro ya nemi kalma ɗaya a babban ƙamus, a fassara masa ita da wasu uku da bai sani ba, ya kwafe ya rufe. A nema masa irin na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya assasa a 1948, ko na Longman da ke yin duk bayaninsa da kalmomi wajen 2,000. Na Turanci zuwa Hausa ma akwai, na Neil Skinner da na Roxana Ma Newman na 1990. Ko ɗaya makaranta ta mallaka, a bar shi a aji inda hannu zai kai gare shi, kada a kulle shi a kabad ɗin shugaban makaranta don gudun ya tsufa.

Iyayenmu mata, wata za ta ce ni ban yi boko ba, me zan iya? Ke ce ma za ki fi iyawa. Ki riƙe gwangwanin, ya zaro kwali ya karanta, ki ce to fassara mini. In ya yi inda-inda kin gane bai sani ba, ba sai kin ji Turanci ba. Kuma ki ci gaba da yi masa Hausa mai nauyi. Gidan da ake bambance kallo da leƙe da hange da harara da ƙura ido, ɗansa ya riga ya san cewa kalmomi biyu suna iya kusantar juna ba su zama ɗaya ba, kuma abin da tambayar "mafi kusa a ma'ana" take nema ke nan.

'Yan'uwana malamai, ga abin da nake roƙo mu yi kafin wannan zango ya ƙare. Shugaban makaranta ya tara mu da yamma ɗaya, na Turanci da na lissafi da na kimiyya da na zamantakewa da na addini, a tebur guda. A kawo takardun jarrabawar shekara biyar da suka wuce. Kowa ya ɗauki jan biro ya bi takardar fannin da ba nasa ba, ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta fanni ba ce amma in yaro bai san ta ba ya faɗi tambayar. A tattara, a ƙirga wadda ta fi maimaituwa, a raba su goma-goma a kan makonni tun daga aji ɗaya. Kalmomin mako a rubuta su a kusurwar allo kada a goge, kowane malami da ya shigo ya yi amfani da ko biyu ne a darasinsa. A makarantarmu da muka yi haka, shayi da ƙosai kawai abin ya ci mana. In kun zo rabon, ina neman alfarma ɗaya: a sa "except" a makon farko.